Inna Adama Mai Daddawa da Ɗan Farinta

In ka shiga Tafoki kana neman gidan Inna Adama mai daddawa, kada ka wahalar da kowa da tambaya. Bi hancinka. Inda warin ya tsaya ya miƙe ƙafa, nan ne. Baƙo yakan toshe hanci ya ƙara sauri, ɗan gari kuwa yawunsa ne ke tsinkewa, don ya san abin da aka lulluɓe da buhu a kwandon nan shi ne ran miyar kuka.

A wani ƙauye gefen Yankara aka haife ta. A hannun gwaggonta ta tashi, a can ta koyi sana'ar tun tana taka turmi kafin ta leƙa cikin tukunya. Aikin daddawa ba na rago ba ne. A dafa kalwa, wato ƙwallon ɗorawa, har itace ya gaji. A surfa ta da toka ɓawon ya fita, a wanke, a sake dafawa, a rufe a kwando a bar ta ta yi abin da take yi a ɓoye. In ta nuna a kirɓa, a mulmula, a danna da tafi, a shanya. Duk wannan hannun dama ne ke ɗaukar nauyinsa, kuma hannun Inna Adama na dama, in ya kama kunnen yaro, yaron yakan tuna har ya yi gemu.

Da aka kawo ta gidan Malam Gide, Allah ya jiƙansa, tun ba a kwance lallen ba ya ce ko ita ko kwandon nan, ɗaya ya bar masa gida. Ta ce to. Ta yi masa miya ba daddawa, ta sake yi masa washegari. Bai ƙara tayar da maganar ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Ranar kasuwar Yankara kuwa, tana da wurinta a layin masu kayan miya, kuma bakinta ya fi barkonon maƙwabciyarta yaji. In mace ta ɗauki daddawa tana juyawa tana yatsina, sai ta ce, "Ajiye, ɗiyata, ba madubi ba ce." Da dunƙulen kanti ya cika gari, ta sa masa suna alewar miya, ta ce na ragwayen mata ne. Amma a tukunyarta ta gida takan jefa biyu in ba mai kallo, ta bi da gishiri cikin tafi, ta ƙara kanwa. A wurinta miyar da gishiri bai ciji harshe ba ta masu jinya ce.

Mutum ɗaya ne a duniya wannan baki bai taɓa sauka a kansa ba, shi ne ɗan farinta. Ran suna liman ya raɗa masa Muhammad Awwal, gari ya mayar da shi Auwalu, ita kuwa ba ta taɓa furta ko ɗaya ba. Haka ta ga uwarta ta yi wa yayanta, haka ta yi. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, sai da ya isa riƙe fartanya ya dawo gida. In dole ta ambace shi sai ta ce "wancan". Da ya sayi babur ya samu ƙarin girma, ya zama "mai babur". Akwai wani Auwalu mai sarin daddawa a Yankara, bawan Allah bai ci ba bai sha ba, shi ma ya rasa sunansa ya koma "mai sunan wancan".

Wanda ya ce ƙi ne bai san komai ba. Bai ga yadda take zama a bakin zaure da carbi ba duk ranar da ya yi yamma a hanyar Faskari, a wannan zamani da hanya ba kullum take da lafiya ba. In an tambaye ta sai ta ce iska take sha. Da ta jiyo ƙarar babur ɗin sai iskar ta ishe ta, ta shige ɗaki kafin ya kawo.

Kullum da safe, in ya dawo daga masallaci, yakan durƙusa a ƙofar ɗakinta, labule a sake, kansa a ƙasa.

"Inna, an tashi lafiya?"

"Uhm."

"Ya ƙarfin jiki?"

"Uhm."

Ta farko tana nufin lafiya lau, ta biyu tana nufin tashi ka kama gabanka. In tana da bukata, bango take gaya wa. "Rufin ɗakin nan dai yana yoyo, in da masu gida a gidan." Kafin azahar za ka ga mutum a kan kwano da guduma. Haka suka rayu har furfura ta fito masa, har ya aurar da 'ya. In da za a ce ya siffanta uwarsa, ƙafafunta zai siffanta, don su ya sani.

Shekarun baya ta yi fama da wani ciwon kai da ke kama ta ta ƙeya. Autarta Ummi, wadda ke aure a Sabuwa, ita ce mai iya faɗa da ita, ita ta zo ta ja ta zuwa asibitin sha-ka-tafi. Aka ɗaura mata abin awo a dantse, ya matse ya saki. Ma'aikaciyar ta ce hawan jini ne, ƙwaya kullum, a rage gishiri, a riƙa dawowa awo. Inna Adama ta sha har kan ya daina ciwo. Daga nan ta yi abin da take ganin duk mai hankali zai yi, don wa ke shan magani da lafiyarsa? Ta ƙulle sauran a leda ta cusa cikin wata samira a can ƙarshen jere. In kai ya motsa ta ɓallo ɗaya. In na maƙwabciya ya motsa ma takan taimaka. Ba ta san shi hawan jini ba lallai ne ya yi ciwo ba, gara ce, tana cin azara daga ciki fenti yana nan fes.

Sai kuma Malam Almu. Ɗan kawunta ne, wato taubashinta, kuma tsakanin taubasai ba kunya ba shamaki, abin da ya zo baki shi ake faɗa. A da dillalin hatsi ne a kasuwar Kankara, mutum kamar rumbu. Wata rana ya shiga makewayi a bayan kasuwa, sai ɗauko shi aka yi, baki a karkace. Kowa ya ce aljani ne ya mare shi, ai an san makewayi gidansu ne. Aka kawo shi gida, aka yi hayaƙi, aka yi shafe-shafe, aka yi ta ɗura masa jiƙe-jiƙe har wata ya juya kafin wani ya ce a gwada asibiti. Likita ya ce jijiyar jini ce ta toshe a ƙwaƙwalwa, kuma an makara. Hannun hagu ya naɗe bai sake buɗewa ba, ƙafa kuwa ja yake yi. Baki ne kawai ya dawo daram. Inna Adama takan ce abin da ya fi cancanta a shanye shi aka bari.

Kowane jajibirin kasuwa yakan jawo ƙafarsa ya zo karɓar daddawar kyauta, wai hakkin ubangida a kan baiwarsa, tunda shi ɗan namiji ne ita 'yar mace.

To, a wani irin jajibirin ne, bayan an gama girbin masara, abin ya fara. Da hantsi tana kirɓa daddawa, taɓarya ta suɓuce daga hannunta na dama. Ta sunkuya za ta ɗauka, yatsun suka ƙi rufewa, kamar hannun aro. Ta buɗe baki za ta kira Shafa'atu, matar ɗanta, sai ta ji harshen ya yi nauyi kamar an cika mata baki da tuwo. Ta zauna a gindin turmin. Kafin ruwan da ke kan murhu ya tafasa abin ya sake ta, yatsu suka dawo, harshe ya dawo. Ta murza hannun ta ce kwanciya ce ta yi a kansa, ta ɗauki taɓaryarta.

Shafa'atu ta gani daga madafa. Ta ga har yawu ya zubo ta gefen baki ɗaya. Amma suruka ba ta ƙura wa uwar miji ido, balle ta ce ta ga yawunta.

"Sannu, Inna."

"Da aka yi mi?"

Shafa'atu ta koma wurin tukunyarta. Sai da Malam Almu ya yi sallama da la'asar, ta kai masa ruwa zaure, ta durƙusa ta raɗa masa abin da ta gani, don shi kaɗai ne a dangin nan dokar kunya ba ta hau kansa ba.

Ya shigo yana dogara sandarsa. "Baiwa, fito ki gaida ubangidanki."

"Ubangidan da ke bara? Ka zo da kwano ko a aljihu za a zuba maka?"

"An ce yau taɓarya ta fi ƙarfinki."

"Wa ya ce?"

"Turmi ya gaya mani. Yi dariya in gani."

"In kalli mi in yi dariya, wagga fuskar taka? Ai kuka ta fi dacewa da shi."

"Ɗaga hannuwanki duka biyu."

Ta ɗaga, har da girgiza su a gaban hancinsa. "Ka gani? In kana so in gwada maka na daman a kumatu."

Malam Almu bai yi dariya ba, abin da ba a saba gani ba. Ya zauna a kan turmin da aka kifa.

"Adama, ni ma haka nawa ya yi. Ya zo ya ƙwanƙwasa ya tafi, na ce gajiyar kasuwa ce. Ya sake zuwa ya tafi, na ce rana ce ta buge ni. Da ya tashi dawowa bai ƙwanƙwasa ba, da ƙyauren ya shigo. Likitan nan ya ce mani wanda ya zo ya tafi shi ne gargaɗi, kuma ranar ake zuwa asibiti, ba washegari ba. Ina ƙwayoyinki na hawan jini?"

"Suna nan lafiya lau."

"Su ai na san lafiyarsu lau, tunda ba mai taɓa su. Ki gaya wa Auwalu ya kai ki yanzu, tun rana ba ta faɗi ba."

Ta kawar da kai, kamar yadda take yi duk lokacin da aka ambaci sunan a gabanta. "Gobe kasuwa. Daddawar nan kai za ka sayar mani?"

"Da wane hannu za ki sayar da ta jibi?"

Ta ƙulle masa daddawarsa a leda ta dangwara masa a cinya, alamar zance ya ƙare. Shi kuwa bai tafi gida ba, ya ja ƙafarsa har inda ake casar masara ya samu Auwalu ya zayyana masa komai.

Bayan magariba Auwalu ya zo ya durƙusa a inda ya saba, labule a sake.

"Inna, Baba Almu ya ce ba ki ji daɗi ba yau."

Ta juya wajen bango. "Masu jan ƙafa dai ba su rasa abin faɗi. Mutum da lafiyarsa a ce sai an ƙaƙaba masa ciwo."

Muryar daidai take, faɗan ma daidai yake. Ɗaga labule ba ya cikin abin da ya taɓa yi, musu da ita kuwa ko a mafarki. Ya ce, "To, Allah ya ƙara lafiya," ya tashi. Ya yi dabarar da ya saba yi in abu ya gagara, ya kira Ummi a waya ta zo ta ja uwarta asibiti. Ummi ta ce yamma ta yi, ba mai kama hanya daga Sabuwa yanzu, gobe kuma mijinta ba ya nan, amma jibi in Allah ya yarda tana tafe. Kowa ya ga an yi abin da ya kamata.

Ita kuwa Inna Adama, duk da bakin nan, maganar taubashinta ta zauna mata. Ba mutuwa take tsoro ba, ta wanke gawa ta fi a ƙirga, ta san hanyar kowa ce. Abin da ke ranta shi ne abin da ta gani a gidan Almu farkon ciwonsa, ƙato guda ana juya shi a tabarma, matarsa ce mai kai shi makewayi, ita ce mai yi masa tsarki. Ita wa zai yi mata? Surukar da ko tari ba ta yi a gabanta? Ta lalubo samirar nan, ta ɓallo ƙwaya ɗaya da ta fara canza launi ta haɗiye, ta ce to, an biya bashin Almu.

Da safe aka yi gaisuwa kamar kullum, uhm da uhm. Shafa'atu ta tafi injin niƙa, yara sun tafi makaranta. Auwalu na tsakar gida yana ɗaure kwandon daddawa a bayan babur. Haka tsarin yake ranar kasuwa, shi ya kai kayan, ita ta bi motar mata, don ba a taɓa jin uwa ta hau bayan ɗan fari ta riƙe masa riga ba.

Tana ɗaura ɗankwali sai hannun ya sauka da kansa. Ta ce masa tashi, ya ƙi. Ta yunƙura za ta miƙe, ƙafar dama ta ce ba da ita ba, ta zame ta zauna a ƙasa jikin gado. Wannan karon ba alamar zai sake ta.

Ta juya wajen bango, abokin shawararta. Ta so ta ce, "In da masu gida a gidan, a leƙo." Abin da ya fito gunaguni ne kawai. Auwalu ya ji, amma shekara da shekaru da gunaguni ake gaisawa a ƙofar nan, bai ga abin juyowa ba. Ta sake gwadawa, gunagunin ya sake fita.

Ta ji ya taka babur. Tsohon babur ne, Allah ya yi masa albarka, bai taɓa tashi a bugun farko ba. Ya yi tari ya mutu. Ta san in ya tashi, sai la'asar. Shafa'atu kuwa in ta je niƙa sai ta ji labarin kowa. Ta dubi hannun nan a yashe a kan cinyarta kamar ba da shi aka haife ta ba. Ta ji ya sake takawa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta tattara abin da ya rage na harshenta, ta tura shi waje.

"Au... walu."

A karkace ya fito, rabinsa ma a maƙogwaro ya tsaya. Amma ba karkacewar ya ji ba, sunan ya ji. Tunda aka haife shi bai taɓa jin sa da wannan murya ba. Ya saki babur ya faɗi da kwando da komai, ya yaye labulen, ya dubi fuskar uwarsa. Gefen dama na bakin ya zubo, kamar an ja shi da zare.

Kafin ka ce kwabo gida ya cika, don ƙarar faɗuwar babur ta fi shela. Baba Alheri, maƙwabciyarsu, ta iso da kasko da garwashi da ƙoƙon rubutu.

"Iska ce. Na sha gaya mata masu taɓa ɗorawa sai da tsari. Ku ɗago kanta ta sha."

"Kar wanda ya sa mata komi a baki." Malam Almu ne a ƙofa, yana haki, ya yi gudun da bai yi ba tun ciwonsa. "Maƙogwaron ma ba ya aiki daidai, sai ta shaƙe. Alheri, riƙe rubutunki, in ta dawo ta sha ta ƙoshi. Addu'a kuma ku bi mu da ita, ba ta bukatar kujera a mota. Kai Auwalu, mi kake kallo? Yau ka fara ganinta, na sani, ka ƙarasa kallon a hanya."

Motar matan kasuwa na bakin hanya ana lodi. Direban, Shamsu, bai tsaya dogon zance ba, ya sauke kwanduna da masu kwanduna. Auwalu ya ɗauko uwarsa a hannu kamar yadda ita ba ta taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. Ya kwantar da ita a gefenta a kujerar baya, kanta a cinyarsa, Shafa'atu da aka kirawo daga inji ta riƙe ƙafafun, garin niƙa har gira. Inna Adama ta rufe ido. Shafa'atu ta tsorata ta ce ko suma ce. Ba suma ba ce, kunya ce.

A babban asibiti a Funtua, ma'aikaciyar da ta auna jinin sai da ta sake aunawa, don ba ta yarda da abin da ta gani ba. Likita ya tambayi yaushe abin ya fara, Auwalu ya ce yau da safe, Shafa'atu ta sunkuyar da kai ta ce jiya ma ya zo ya tafi. Likitan ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya ce da jiyan aka zo, da wataƙila ba a kai ga na yau ba, amma da aka zo yau da safe ba a bari sai gobe ba, an taimaki abin da ya rage. Aka kwantar da ita. Aka sauko da jinin a hankali, aka duba sukari, aka gwada haɗiyarta kafin a ba ta ko kunu. Da ta ɗan farfaɗo masu motsa jiki suka sa ta a gaba, miƙe, lanƙwasa, matsa ƙwallo, taka nan, taka can. Ummi ta iso daga Sabuwa tana kuka, uwar ta harare ta da ido ɗaya da rabi.

Ƙafa ce ta fara dawowa. Harshe ya biyo baya, da farko yana tuntuɓe, daga baya ya kama hanya, har masu jinya na gadon kusa suka fara neman a canza masu ɗaki.

Ranar sallama wata ma'aikaciyar jinya mai suna Sa'adiya ta tara su. Ta ce ƙwayar nan ba ta ciwon kai ba ce, ta kullum ce, da lafiya da ba lafiya, kuma ba a ba maƙwabta. Ta ce awo duk lokacin da aka sa mata, ba sai ta ji wani abu ba. Gishiri a rage sosai, dunƙule da kanwa a ba su hutu, a riƙa taka ƙafa.

"To miyar da mi za a yi ta?" in ji Shafa'atu.

"Ba daddawa a garinku? Ku sa daddawa, in dai ba a cika ta da gishiri ba."

Inna Adama ta gyara zama. "Maimaita, ɗiyata. Da ƙarfi, na gadon can ba su ji ba."

Sa'adiya ta yi dariya, sannan ta tambayi wa ke fara ganinta kowace safiya. Kowa ya dubi Auwalu, Auwalu ya dubi takalmansa.

"Malam, wanda abin nan ya taɓa, yana iya dawo masa. Kullum ka dubi fuskarta, ko gefe ɗaya ya zubo. Ta ɗaga hannu biyu ka ga ko ɗaya na sauka. Ta yi magana ka ji ko harshe ya yi nauyi. In ka ga ko ɗaya, ko da ya zo ya wuce, ku kamo hanya a lokacin."

"Ai suna gaisawa," in ji Ummi. "Yana bayan labule, tana cewa uhm."

"Uhm ba magana ba ce, Hajiya. Inna, ni ma 'yar fari ce, har yau uwata 'ke' take ce mani. Ban ce ki kira sunan kowa ba. A dai ɗaga labule." Ta juya ga Auwalu. "Kai ma kawo hannunka, tunda ka shigo. Abin nan yana bin gida."

Ya miƙa dantse yana cewa shi ko ciwon kai ba ya yi. Abin awo ya matse ya saki. Shi ma ya fita da tasa ledar.

Hannun bai dawo duka ba, gaskiya ɗaya ce. Yana riƙe kofi, yana jan carbi, yana alwala da tsarki ba da taimakon kowa ba, yana danna daddawa a hankali. Taɓarya kuwa sun yi sallama. Yanzu Shafa'atu ke kirɓi, Inna Adama na kan kujera 'yar tsugune tana gyara mata kuskuren da ba ta yi ba. Ta koma kasuwar Yankara, sai dai ba kowane mako ba. In tsohuwa ta zo sayayya tana dafe ƙeya, takan ce, "Je a matse maki hannu a asibiti kafin ki dawo, ba na sayar wa wadda ba ta san jininta ba." Baba Alheri ta je, don a daina yi mata gori. Malam Almu kuwa ya ninka daddawar da yake karɓa, wai ladan gudu.

Sunan dai ba ta sake faɗa ba, kuma duk gidan ba mai tayar da zancen. Abin da ya canza shi ne labule. Da safe Shafa'atu takan naɗe shi ta rataya a ƙusa kafin maigidan ya dawo masallaci. Yakan durƙusa, ya ɗago kai kaɗan. Ita kuwa tana zaune a bakin gado ta ba shi rabin fuska, sai ta tuna ɗankwalinta bai ɗauru ba, ta ɗaga hannu biyu ta gyara shi a tsanake. Ta yashe haƙora wai goro ya maƙale. Sannan ta fuskanci bango.

"Miyar gidan nan dai ta koma ruwan wanki, ba mai tausayin tsohuwa. Kuma an ce akwai waɗanda aka ba ƙwaya a Funtua, ban ji motsin leda ba yau."

"An sha, Inna."

"Ni ban tambayi kowa ba."